Yadda ake karanta hasashen yanayi na gaɓar teku, da inda haɗari yake ɓuya

Tambaya: Na koma zama a bakin teku, ina kuma da ƙaramin kwalekwale mai inji. Kullum sai na duba hasashen yanayi a waya, amma abin da nake ganewa bai wuce zafi da ruwan sama ba. Sauran lambobin me suke nufi? Ta yaya zan bambance ranar fita da ranar zama, kuma wane haɗari ya fi kamata in ji tsoro?

Amsa: Malam, a cikin duk abin da ke kan allon wayar nan, zafi da ruwan sama su ne mafi ƙarancin amfani ga mai shiga teku. Abubuwa huɗu ne ke yanke hukunci: iska, raƙuman ruwa, cika da janyewar teku, sai matsin iska. Kowannensu shi kaɗai yakan zo da sauƙi. Ɓarna tana faruwa ne a sa'ar da biyu ko uku suka haɗu, don haka aikinka kowace safiya shi ne ka gano wace sa'a ce wannan, kuma a ina za ta same ka.

Fara da sanin inda hasashen ya fito. Yawancin manhajojin waya ba su da masu hasashe nasu. Lissafin manyan kwamfutocin Amurka ko na Turai suke ɗaukowa, waɗanda suka yanka duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita 9 zuwa 13 ko fiye. Abin da bai kai wannan girman ba, kamar tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ko bakin kogi, ko mashigi tsakanin tsibirai biyu, kwamfutar ba ta ganinsa, alhali nan ne iska ke matsewa ta ƙara gudu. Saboda haka hasashen teku na hukumar yanayi ta ƙasar da kake shi ne madogara, manhaja kuma ƙari ce. Duba lokacin da aka fitar da shi, don na jiya da yamma ya tsufa. Duba kuma da wane agogo aka rubuta, domin da yawa daga hasashen teku da agogon GMT ake yin su, kuma mutum yakan yi kuskuren sa'a ɗaya ko uku bai sani ba.

Iska ana ba ta sunan inda ta fito. "Iskar kudu" daga kudu take, arewa ta nufa. Gudun ruwa kuwa akasin haka ne, ana faɗin inda ya nufa, kuma sabon shiga yakan rikita su. Gudun iska a teku da not ake auna shi, not 1 kilomita 1.85 ne a sa'a, wato ka ninka biyu ka rage kaɗan. Lambar da aka ba ka matsakaici ce ta mintuna 10, a tsayin mita 10 daga ƙasa. Bugun da iska ke yi jefi-jefi yakan ɗara wannan da kashi 40 cikin 100, don haka not 20 a takarda yana nufin ka shirya wa 28. Kuma ƙarfin turin iska ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudu ya ninka biyu, turi ninki huɗu yake yi.

Ma'aunin da hafsan sojan ruwan Birtaniya Francis Beaufort ya tsara a 1805 har yanzu yana aiki, domin ya haɗa lamba da abin da ido ke gani. A mataki na 3, not 7 zuwa 10, za ka ga farin kumfa nan da can a kan raƙuman ruwa. A na 4, not 11 zuwa 16, kumfar ta fara yawa. A na 5, not 17 zuwa 21, ta cika ko'ina kuma feshi ya fara shigowa cikin kwalekwale. Na 6, not 22 zuwa 27, ba wurin buɗaɗɗen kwalekwale ba ne, daga not 34 kuwa ana maganar gargaɗin iska mai ƙarfi ne har ga manyan jirage. Ga kwalekwale mai tsawon mita 5 ko 6, mu dai shawararmu ka ɗauki not 15 a matsayin iyaka har sai ka san ruwan wurin ciki da bai.

Akwai yaudara guda biyu a nan. Ta farko ita ce iskar da ke fitowa daga tudu ta nufi teku. Ka tsaya a bakin ruwa ka ga shi lumui, ko motsi ba ya yi, domin tudu da gine-gine sun kare shi kuma iskar ba ta samu filin tayar da raƙumi ba tukuna. Kilomita biyu ko uku a ciki labari ya sha bamban, kuma idan inji ya mutu, iskar nesa da gaɓa za ta yi ta tura ka. Ta biyu ita ce iskar rana. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Tana farawa da hantsi, ta kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin azahar da la'asar, kuma a rana mai tsananin zafi takan kai not 10 zuwa 15 ita kaɗai. Idan ta zo ta fuska ɗaya da iskar da aka yi hasashe, sai su haɗa ƙarfi. Shi ya sa tekun da aka bari kwance da asuba ba shi ake tararwa a hanyar dawowa ba.

Raƙuman ruwa su ne inda aka fi yin karatun kuskure, don haka bari mu ɗan daɗe a kansu. Idan hasashe ya ce mita 1.5, ba mafi girman raƙumi ake nufi ba. An ɗauki kashi ɗaya cikin uku na raƙuman da suka fi tsayi ne, aka fitar da matsakaicinsu. Da yawa za su fi haka, kuma kusan ɗaya cikin 3,000 zai kai ninki biyu. Wannan adadi yana kama da mai nisa, amma idan raƙumi na wucewa duk daƙiƙa 10, guda 360 ke nan a sa'a, wato a wuni ɗaya na aiki kana iya haɗuwa da mai mita 3. Ka auna kwalekwalenka da ninkin lambar da aka rubuta.

Kusa da tsayin za ka ga wata lamba ta daƙiƙoƙi, wadda mutane da yawa ke tsallakewa. Tazarar lokaci ce tsakanin ƙoƙuwar raƙumi da ta mai bi masa. Mai daƙiƙa 5 iskar wurin ce ta tayar da shi, gajere ne, mai tsini, tsawonsa daga ƙoƙuwa zuwa ƙoƙuwa kamar mita 39, shi ne mai jijjiga kwalekwale yana watsa ruwa ciki. Mai daƙiƙa 15 kuwa daga guguwar da ta auku dubban kilomitoci ya taso, tsawonsa ya kai mita 350. A ruwa mai zurfi da ƙyar za ka ji shi, ɗaga ka kawai zai yi a hankali ya sauke. Amma raƙumi yana fara jin ƙasa ne idan zurfin ruwa ya kai rabin tsawonsa, daga nan gabansa ya rage gudu, bayansa ya taru a kansa, ya miƙe tsaye, ya fashe a inda zurfi ya kusa daidai da tsayinsa. Dogon raƙumi mai mita 1.5 a tsakiyar teku yana iya fashewa da fiye da mita 2 a kan tudun rairayi ko duwatsu, a ranar da sama take garau babu ko iska. Kuma rukuni-rukuni suke zuwa. Ruwa ya yi lif na minti 10 ko 15, mai kamun kifi ya sauka kan dutse, sai manya uku ko huɗu su iso a jere. Kafin ka sauka kan dutse ko ka ratsa wurin da raƙumi ke fashewa, zauna ka kalli ruwan na minti 20 cif.

Cika da janyewar teku ba hasashe ba ne irin na iska, lissafin wata da rana ne, ana buga jadawalinsa na shekara guda tun kafin ta kama. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a rana, tsakanin cika da cika sa'a 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wasu wurare, kamar sassan Tekun Meziko, sau ɗaya ne a rana. Girman abin ma ya bambanta ƙwarai: a Bahar Rum bai cika wuce 'yan santimitoci goma-goma ba, a mashigin Fundi na Kanada yakan kai mita 16. Kwana ɗaya ko biyu bayan duhun wata, da bayan wata ya cika, ruwa ya fi hawa sama ya fi kuma ja baya, gudunsa kuma ya fi ƙarfi. Ruwan ba ya hawa ko sauka da gudu ɗaya. Ka raba bambancin cika da janyewa gida 12: sa'ar farko gida 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Rabin ruwan gaba ɗaya a sa'a ta uku da ta huɗu yake motsawa. A nan ne mai yawo kan rairayi ke waiwayowa ya ga ruwa ya zagaye shi ta baya, ta wani kwari da bai lura da shi ba.

Mafi munin haɗuwa ga ƙaramin kwalekwale ita ce bakin kogi lokacin janyewa. Ruwan kogi da na teku mai komawa suna fita da ƙarfi, raƙumai na shigowa, suka yi karo a kan tudun rairayin da ke bakin. Raƙumin ya gajarce, ya yi tsaye kamar bango, ya fashe ba tsari. A ratsa irin wannan wuri a sa'o'i biyu na ƙarshen cikowa, da rigar ceto a jikin kowa, an ɗaure kaya. Idan shigowa ake yi, a bi bayan raƙumi ɗaya da gudunsa, kada a wuce shi, kada kuma a juya gefe a tsakiya, don kifewa daga nan take zuwa.

Ga misali yadda ake haɗa su. A ce gaɓarka tana fuskantar kudu maso yamma, kana fita ta bakin kogi. Hasashe ya ce iskar kudu maso yamma not 10 da safe, 17 da rana. Raƙumi mita 1.5, tazara daƙiƙa 13. Cika ƙarfe 7:10 na safe, janyewa 1:20 na rana. Kwana biyu bayan wata ya cika. Babu ruwan sama. Manhaja za ta zana maka hoton rana tana murmushi. Mai karatu da kyau zai ga cewa fita da ƙarfe 6:30 lafiya lau ne, amma daga wajen 9:00 zuwa 11:30 ruwa zai yi ta fita da iyakar ƙarfinsa yana karo da dogon raƙumi, kuma tudun rairayin zai ci gaba da fashewa har bayan janyewa. Ƙofar ba za ta sake buɗewa ba sai wajen 5:30 na yamma, bayan ka sha bugun iska mai kai not 24 tun azahar. Ko dai ka dawo kafin 8:30, ko ka bar fitar.

Matsin iska da miliba ake auna shi, matsakaicinsa a bakin teku 1013. Lambar kanta ba ta da wani labari, saurin faɗuwarta ne abin lura. A ƙasashe masu sanyi, faɗuwar miliba 3 cikin sa'a 3 alama ce ta canji, 6 kuwa iska mai ƙarfi na tafe ko da hasashe bai faɗa ba. A yankuna masu zafi matsin yana hawa da sauka da kansa sau biyu a rana, da kamar miliba 2 zuwa 3, ya yi sama wajen ƙarfe 10, ya yi ƙasa wajen ƙarfe 4, safe da dare. Don haka a can kwatanta na yau da na jiya a sa'a ɗaya ake yi. Duk miliba 1 da ya ragu, teku yana ɗagowa da santimita 1, abin da jadawalin cika bai sa a lissafi ba.

Game da abin da ya fi kamata ka ji tsoro: ruwa ne. Mutane suna kallon gudun iskar mahaukaciyar guguwa, amma toroƙon teku, wato ruwan da guguwa ke turowa kan tudu, da ambaliya ne suka fi kisa. Irin wannan guguwa tana ƙulluwa ne a kan ruwan da ɗuminsa ya kai digiri 26.5, kuma ba ta cika samuwa a cikin digiri 5 na layin da ya raba duniya biyu ba. Daga gudun iska na kilomita 63 a sa'a ake raɗa mata suna, daga 119 ta zama cikakkiya. Matakan 1 zuwa 5 da ake bayyana ƙarfinta da su iska kaɗai suke aunawa. Katrina a 2005 tana mataki na 3 ta sauka, amma ta tura ruwa mai tsayin fiye da mita 8 kan gaɓar Misisipi. Guguwar Bhola ta 1970, a inda yake Bangaladash yanzu, ta kashe aƙalla mutum 300,000, kusan duk ruwa ne ya ci su. Ba ma sai mahaukaciyar guguwa ba: a daren 31 ga Janairun 1953 iska mai ƙarfi ta haɗu da babbar cika a Tekun Arewa, ruwa ya karya madatsu, mutum 1,836 suka mutu a Holan. Toroƙo ya fi muni inda teku ba shi da zurfi kusa da gaɓa, da mashigin da ke ƙara tsukewa ciki, da ƙasa mai shimfiɗe. Ka san tsayin daɓen gidanka bisa layin babbar cika, ka san hanyar tudu da kwarin da za ta fara nutsewa, domin hanya takan yanke sa'o'i kafin ruwa ya iso ƙofa. Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a taswira yana nuna inda cibiyar guguwar za ta iya bi ne, kuma ko ita takan fita daga cikinsa kusan sau ɗaya cikin uku. Iska da ruwan sama suna kai ɗaruruwan kilomitoci a wajensa. Idan an ce a tashi, a tashi da rana tun hanya na buɗe. Kwalekwale a ja shi tudu nesa da layin cika, a cire inji, a ɗaure shi ƙasa.

Ruwan sama da aka rubuta kashi 40 cikin 100 yana nufin yiwuwar a samu ruwa a inda kake, bai ce komai ba kan yawansa. Yawan yana cikin milimita: 1 lita guda ce a kan kowace murabba'in mita. A garin bakin teku magudanu cikin teku suke zubarwa, idan ya cika bakinsu ya toshe, sai ruwan da da janyewa zai wuce salin-alin ya kwanta a titi. Ruwa mai gudu na santimita 15 yana kayar da babban mutum, na 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Ga mai wanka a bakin teku, babban makashi shi ne jan ruwan da ke komawa ciki. Raƙumai suna tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan ya nemi tsaga a tudun rairayi ko gefen wani gini ya fice ta nan da gudu, wani lokaci har mita 2.5 a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Ya fi tsanani dab da janyewa, a ranar dogon raƙumi. Daga tudu ana gane shi: wata siririyar hanya mai duhu wadda raƙumi ba ya fashewa a cikinta, kumfa da tarkace na bin ta suna yin ciki. Abin takaici, wurin da ya fi kama da mai lafiya ke nan, nan iyaye ke tura yara. Ba ya jan mutum ƙasa, gajiyar kokawa da shi ce ke nutsarwa. Faɗinsa bai cika wuce mita 25 ba. Wanda ya faɗa ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gicciye, ta tsawon gaɓa, har ya kai inda raƙumi ke fashewa. Mai son ceto kada ya shiga hannu rabbana, ya jefa abin da ke iyo.

Hadari mai tsawa ba ya nuna kansa sosai a hasashen kwamfuta, ido da hoton na'urar rada, mai nuna inda ruwan sama yake, sun fi amfani. Idan ka ga gajimare baƙi mai shimfiɗaɗɗen gindi kamar kanta yana tahowa, iska ta ɗauke sannan ta juyo da sanyi, mintuna kaɗan suka rage kafin bugu mai iya kai not 35 ko 40. Ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, ka raba uku, ka samu nisan a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 kana cikin inda aradu ke iya faɗawa, kuma a kan teku kai ne abu mafi tsayi. Sauke sandar kamun kifi da eriya, ka duƙa tsakiyar kwalekwale, a tudu kuma kada a koma ruwa sai minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Hazo kuwa ana sa ransa idan iska mai ɗumi da laima ta bi ta kan ruwa mai sanyi. Idan zafin iska da zafin da raɓa ke sauka suka kusanci juna da digiri 2, yana iya rufewa cikin ɗan lokaci, gani ya koma ƙasa da kilomita 1. Waya tana rasa sabis ba da nisa ba, don haka rediyon jirgi mai tasha ta 16, tashar neman agaji ta duniya, ya fi ta, kuma ka bar wa wani a tudu inda ka nufa da sa'ar dawowarka.

Saura guda wanda ba ya cikin hasashen yanayi ko kaɗan, wato sunami. Girgizar ƙasa ko zaftarewa a ƙarƙashin teku ke haddasa shi, yana gudun kusan kilomita 800 a sa'a a ruwa mai zurfi. Na ranar 26 ga Disamban 2004 a Tekun Indiya ya kashe mutum fiye da 220,000 a ƙasashe 14, wasunsu sa'o'i bayan girgizar, a gaɓoɓin da ko motsin ƙasa ba su ji ba. Idan girgizar kusa ta faru, mintuna 10 zuwa 30 kawai ake da su, sanarwar hukuma ba lallai ta riga ruwan ba. Ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe tana rawa, ko teku ya ja baya fiye da yadda jadawali ya nuna har ƙasansa ya bayyana, ko aka ji ruri daga teku: a kama hanyar tudu da ƙafa nan take, don motoci cunkushewa suke yi, a nemi tsayin mita 30 ko nisan kilomita 2 zuwa 3. Inda babu tudu, a hau saman bene mai ƙarfi na kankare, hawa na uku ko sama. Raƙumin farko sau da yawa ba shi ne babba ba, na biyu ko na uku kan zo bayan minti 10 har zuwa sa'a guda, kuma abin yakan ɗauki sa'o'i da yawa. Kada kowa ya sauko ɗaukar kaya ko duba kwalekwale sai hukuma ta sanar cewa ruwa ya lafa.